Garin Gyaran Gira: Tarihin Allurar Ciko da Maganin Matsin Iska, da Darasinsa ga Karkarar Kano

Gabatarwa

Hausawa sukan ce garin gyaran gira akan rasa ido. Wannan karin magana ta girmi asibiti da allura, amma a yau likitoci sun san wata larura da ta dace da ita ƙwarai, domin kuwa tsakanin girar nan biyu yana ɗaya daga cikin wuraren da allurar ƙawata fuska ta fi jawo makanta. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin tarihin abubuwa biyu waɗanda suka taso daban, sa'an nan suka haɗu a gadon majiyyaci ɗaya. Na farko shi ne allurar ciko, watau cusa wani abu a ƙarƙashin fata don a cike kunci ko leɓe, ko a ɗaga karan hanci. Na biyu kuwa shi ne maganin matsin iska, watau shigar da majiyyaci cikin wani ɗakin ƙarfe inda zai shaƙi zallar iskar oksijin da nauyin da ya ninka na iskar sarari. Daga nan za a duba abin da wannan tarihi yake nufi ga mutanen karkarar arewacin Kano, da kuma ma'aikatan da aka ɗora wa alhakin lafiyarsu.

Ado da aska a karkarar Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. A cikin 1965 M. J. Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu a kan wannan yanki, inda gona take manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne cuɗanya da birni: jakuna su shiga da itace da hatsi, su fito da taki. Wannan cuɗanya ba ta tsaya ga taki ba. Duk abin da ya sami karɓuwa a kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari, ba ya daɗewa sai an gan shi ranar kasuwa a Ɗambatta, ko Bichi, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, kuma kayan ado suna kan gaba a wannan tafiya.

Tun kafin zuwan Turawa, gyaran jiki sana'a ce mai shugabanci da ƙa'ida. Wanzami shi ne mai aski da ƙaho da kaciya da cire beli, kuma shi ne mai tsagar gado, wadda ake gane asalin mutum da ita, kamar ta Gobirawa mai layi shida a kunci ɗaya da bakwai a ɗayan. Akwai kuma tsagar ado wadda 'yan mata suke zaɓa da kansu, a shafa mata baƙi don ta fito. Sana'ar gado ce, tana da Sarkin Aska, kuma wanzamin gari sananne ne: idan aikinsa ya ɓaci an san ƙofar gidansa. Duk da haka askar tana da nata haɗari, musamman zubar jini, da ciwon sarƙewar haƙora, da ciwon hanta mai bin jini idan an yi wa mutane da yawa aiki da aska ɗaya. Shi kansa kwalli na dutse, wanda iyaye suke ɗauka maganin ido ne, ma'adinin dalma ne, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Tsaga ta ja baya saboda wa'azin malamai da yaɗuwar makarantun boko, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a fata. Amma sha'awar gyaran jiki tana nan, kayan aikinta ne suka sauya. Man bilicin ya shigo, wani da zaiba a cikinsa, haka kuma ƙwayoyin sa ƙiba waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. A watan Fabrairu na 1923 babu wanda zai yi zaton hukuma za ta kira taro a kan man shafawa, amma shekara ɗari bayan haka, a Fabrairun 2023, a Kano hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa.

Ita ma allura tana da nata tarihin a ƙasar Hausa. Yaƙin da aka yi da ciwon barci a shekarun 1930, da zuwan fenisilin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da gangamin rigakafin agana da ƙyanda wanda aka soma a 1967, sun dasa wa jama'a imanin cewa allura ta fi kowane magani ƙarfi da saurin aiki. Wannan imani shi ya haifar da masu allura na bayan fage a kemis da kasuwannin ƙauye. Saboda haka allurar ciko, wadda ta riga ta shigo manyan birane irin su Legas da Abuja, ta tarar da abubuwa biyu suna jiranta: tsohuwar sha'awar ado, da tsohuwar yarda da allura.

Asalin allurar ciko

A cikin 1899 wani likitan fiɗa na birnin Biyana, Robert Gersuny, ya yi wa wani majiyyaci allurar man basilin don cike gurbin wata gaɓa da tarin fuka ya sa aka cire masa. Aikin gyaran lahani ne, amma nan da nan aka juya shi zuwa ado, aka riƙa cusa kakin farafin a hanci da kumatu a Turai da Amurka. Ba a yi nisa ba illarsa ta bayyana. Kakin yakan zame daga inda aka sa shi, jiki ya kewaye shi da ƙulli mai tauri, kuma tun a farkon shekarun 1900 aka sami labarin waɗanda suka makance nan take bayan an yi musu allurar a hanci. Wadda labarinta ya fi shahara ita ce Gladys Deacon, wadda ta auri basaraken Marlborough na Ingila a 1921. An sa mata kaki don miƙar da karan hancinta, ya gangaro haɓa ya ɓata mata fuska, ta ƙare rayuwarta a ɓoye har ta rasu a 1977.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ruwan silikon ya maye gurbin farafin, aka fara da Japan, ya bazu zuwa Amurka. Shi ma ya jawo ƙulli da gyambo da mutuwa, har jihar Nevada ta mai da yin allurarsa babban laifi a 1975. A 1981 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da Zyderm, wanda aka sarrafa daga fatar shanu, sai dai wasu jikinsu ba ya karɓarsa. Abin da ya canza al'amarin shi ne wani sinadari mai yauƙi, hayaluronik asid, wanda Karl Meyer da John Palmer suka fara tacewa daga ruwan idon saniya a Jami'ar Kolombiya a 1934. Jikin ɗan Adam ma yana da shi a fata da gaɓoɓi. Wani kamfani na ƙasar Suwidin ya fito da shi da sunan Restylane a 1996, Amurka kuma ta amince da shi a Disamban 2003. Fifikonsa a kan na baya guda biyu ne: jiki yana cinye shi a hankali cikin watanni, sa'an nan yana da makari, watau wata allura mai suna hayaluronides wadda take narkar da shi. Silikon da mai da kitse ba su da irin wannan makari.

Yadda illar take aukuwa

Fuska cike take da ƙananan jijiyoyin jini masu haɗe da juna, kuma waɗanda suke ciyar da goshi da karan hanci reshe ne na jijiyar da take ciyar da ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin jijiya, cikon yakan toshe ta kamar yadda laka take toshe magudanar ruwa a fadama, duk abin da yake gaba ya rasa rabonsa. Fatar wurin takan yi fari fat, sau da yawa da zafi mai tsanani, daga baya ta yi dabbare-dabbare, bayan 'yan kwanaki ƙuraje su fito, a ƙarshe naman ya mutu ya yi baƙi. Idan kuwa ƙarfin tura allurar ya kora cikon baya har ya shiga jijiyar ido, gani yakan ɗauke cikin daƙiƙoƙi. Gwajin da aka yi a kan birai ya nuna cewa tantanin gani na bayan ido ba ya jure rashin jini fiye da kimanin sa'a ɗaya da rabi.

Wannan ba sabon abu ba ne ga likitanci. A 1924 da 1925 Freudenthal da Nicolau sun bayyana mutuwar fatar ɗuwawu bayan allurar bismut da ake yi wa masu tunjere, kuma dalilin ɗaya ne. Game da ciko kuwa, wani nazari da Beleznay da abokan aikinta suka buga a 2015 ya tattaro mutum 98 da ganinsu ya taɓu, mafi yawansu bai dawo ba, kuma wuraren da suka fi haɗari su ne tsakanin gira, da hanci, da gefen hanci zuwa baki, da goshi. A wannan shekarar ce hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kan shigar ciko cikin jijiya. Abin da za a lura da shi shi ne, illar ba ta cika aukuwa ba, amma takan sami ƙwararre ma, balle wanda bai san taswirar jijiyoyin fuska ba.

Tarihin ɗakin matsin iska

Tunanin yin magani da nauyin iska ya girmi sanin oksijin kanta. A 1662 wani Bature na Ingila mai suna Henshaw ya tsara wani ɗaki da za a riƙa ƙara masa iska da zugazugi, alhali sai a 1774 Joseph Priestley ya ware iskar oksijin. A 1803 William Henry ya bayyana ƙa'idar da dukan wannan magani ya dogara a kanta: gwargwadon nauyin da aka danna iska da shi a kan ruwa, gwargwadon yawan da za ta narke a cikinsa. Kowa ya buɗe kwalbar lemo ya ga kumfa ta taso ya ga wannan ƙa'ida da idonsa.

Ilimin ya ci gaba ne ta hanyar wahalar leburori. A 1841 injiniya Triger na Faransa ya yi amfani da matsattsiyar iska don hana ruwa shiga ramin haƙar kwal a bakin kogin Luwar, ma'aikata kuwa suka riƙa fitowa da ciwon gaɓoɓi. Haka aka yi wajen gina gadar Brooklyn a Amurka, inda babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ya nakasa a 1872. Paul Bert na Faransa ne ya warware matsalar a littafinsa na 1878, ya nuna cewa iskar naitirojin ce take narkewa a jini a ƙarƙashin matsi, ta koma kumfa idan an fito da gaggawa. Ya kuma nuna cewa ita kanta oksijin idan matsinta ya yi yawa tana sa farfaɗiya. A 1908 J. S. Haldane ya fito da jadawalin hawa daki-daki wanda ya ceci rayukan masu nutso a teku.

Tarihin yana da babin almubazzaranci. A 1928 likita Orval Cunningham ya gina wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe mai hawa biyar a birnin Cleveland, faɗinta ƙafa 64, da kuɗin wani attajiri, yana da'awar warkar da ciwon suga da sankara da matsattsiyar iska. Ƙungiyar likitocin Amurka ta nemi hujja bai kawo ba, a 1942 aka sassare ginin aka kai ƙarfensa aikin yaƙi. Maganin na zamani ya soma ne a Amsadam ta ƙasar Holan, inda Ite Boerema ya fara fiɗar zuciya cikin ɗakin matsi a 1956. A 1960 ya wallafa gwajin da ya girgiza likitoci: ya janye kusan dukan jajayen ƙwayoyin jinin aladu, ya rayar da su da zallar oksijin a nauyin iska uku. A 1961 abokin aikinsa Brummelkamp ya nuna amfanin hanyar ga ruɓewar nama mai kumfa, wadda ƙwayoyin cutarta ba sa jure oksijin.

Lissafin abin ba shi da wuya. Iskar sarari kashi 21 cikin 100 nata ne oksijin. A kowace mililita 100 ta jini, jajayen ƙwayoyi suna ɗauke da kimanin mililita 20 ta oksijin, wadda ta narke a ruwan jinin kuwa ba ta wuce 0.3 ba. Idan mutum ya shaƙi zallar oksijin a nauyin iska uku, watau nauyin da mai nutso yake ji a zurfin mita 20, wadda ta narke takan kai kimanin mililita 6, kuma wannan ya kai abin da jiki yake ɗiba idan yana hutawa.

Haɗuwar tarihin biyu

Daga wannan lissafi za a gane dalilin da ya sa likitoci suka waiwayi ɗakin matsi sa'ad da illar ciko ta yawaita. Oksijin da ta narke a ruwan jini takan ratsa daga jijiyoyin da suke buɗe a gefe ta isa naman da aka yanke wa hanya, ta riƙe shi da rai. Tana kuma rage kumburi, tana ƙarfafa fararen ƙwayoyin jini wajen kashe cuta, tana taimakon tsirowar sababbin jijiyoyi. Akan sa majiyyaci a nauyin iska biyu zuwa biyu da rabi, na kimanin minti 90, sau ɗaya ko biyu a rana, har kwanaki da dama.

Amma akwai iyakoki uku da ya wajaba a faɗa. Na farko, iska ba ta cire abin da ya toshe jijiya. Matakin farko shi ne a dakatar da allurar, a yi ta zuba makarin nan da yawa a wurin, a maimaita har jini ya dawo. Ɗakin matsi mataimaki ne a bayan wannan. Na biyu, hujjar amfaninsa ga illar ciko ta fito ne daga rahotannin majiyyata ɗai-ɗai da ƙananan rukunoni waɗanda aka haɗa musu magunguna da yawa a lokaci guda, saboda haka ƙarfinta bai kai na babban gwaji mai kwatanta rukuni biyu ba. Na uku, shi ma yana da haɗari. Yakan taɓa dodon kunne, ba a sa mai huhun da ya fashe ba a yi masa magani ba, kuma oksijin abokiyar wuta ce: a ranar 31 ga Oktoba 1997 gobara ta tashi a ɗakin matsi na wani asibiti a Milan ta Italiya, mutum 11 suka rasu.

Darasi ga karkarar Kano

Abin da ya fi kome muhimmanci a wannan larura shi ne lokaci, lokaci kuwa a karkara nisa ne. Daga Ɗambatta zuwa birni kimanin kilomita 50 ne, mutumin Kunci ko Tsanyawa kuwa ya fi haka. Manyan asibitoci duk a birni suke: na Murtala, da na Ido wanda mishan suka kafa a 1943, da na Ƙashi na Dala na 1959, da na Koyarwa na Malam Aminu Kano na 1988. Kafin a nemi mota, a nemi izinin maigida, a haɗa kuɗi, sa'a ɗaya da rabin nan ta ido ta wuce. A kan wannan akwai kunya, domin yarinyar da aka yi wa allura a ɓoye ana shirin biki ba za ta yi saurin faɗa ba, sai fatar ta yi baƙi. Ɗakin matsi kuwa kayan aikin babban asibiti ne, yana bukatar wutar da ba ta yankewa, da oksijin mai yawa, da ma'aikata masu horo na musamman.

Ga ma'aikacin gwamnati, tarihin ya nuna jerin abin da ya kamata a gabatar. Farko shi ne tsare ƙofa: kada mai riƙe allurar ya zama wanda ba shi da rajista, kada abin da yake cikin sirinjin ya zama marar lambar NAFDAC, kuma kada a bar wuri ya yi wannan aiki ba tare da makari a ajiye ba. Na biyu shi ne koya wa ma'aikatan asibitocin ƙananan hukumomi alamomin toshewar jijiya, da tura majiyyaci gaba ba tare da jinkiri ko gori ba. Na uku shi ne oksijin ta yau da kullum, wadda jariri mai ciwon haƙarƙari da mai naƙuda da ta zubar da jini suke bukata, wadda kuma annobar korona ta 2020 ta tona ƙarancinta a ko'ina cikin ƙasa. Bayan waɗannan ne maganar ɗakin matsi take da muhalli, kuma idan an kafa shi masu ciko za su zama 'yan kaɗan cikin masu amfana. Akasarinsu za su kasance waɗanda hayaƙin janareta ko na gawayi ya bugar a rufaffen ɗaki, da masu gyambon ƙafa na ciwon suga, da waɗanda mota ta murƙushe wa gaɓa.

Malamai ma suna da abin faɗa. Hadisai sun hana zanen fata don ado, amma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na zinariya bayan na azurfa ya yi wari. A kan irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta bambanta gyaran lahani da sauya halitta don son zuciya. Misalin gyaran lahani yana nan kusa, a Asibitin Noma na Sakkwato wanda aka buɗe a 1999, inda ake sake gina fuskokin yaran da ciwon zaizayar baki ya cinye.

Kammalawa

Daga kakin 1899 zuwa silikon, kowane sabon ciko an karɓe shi da murna kafin a ƙidaya waɗanda ya lahanta, kuma daga ƙwallon Cunningham an ga yadda kyakkyawar dabara take zama asara idan ta riga hujja fita. Ɗalibin da zai koma garinsu hutu yana iya tafiya da tambayoyi uku waɗanda ya kamata duk mai niyyar wannan allura ta yi kafin a taɓa fuskarta: wane ne zai yi, mene ne sunan abin da za a sa, kuma ina makarinsa yake. Idan an kasa amsa ko da ɗaya daga cikinsu, ta tashi ta bar wurin.